Mai Wankin Zannuwa Tana Kallon Tele

Bayan lisha, in ba a ɗauke wuta ba,
jikata Atu kan jawo tele tsakar gida,
mu baje tabarma, mu shiga asibitin Turawa
ba kati, ba layi.
Ita ke juya mini faransancinsu.
Ni kuwa kafin ta buɗe baki na gane kowa:
shekara ashirin da shida na yi ina wankin zannuwa
a babban asibitin Tawa.

Ga dogon nan mai fiɗa,
yana taku kamar yana bin ƙasa bashi,
ba gaisuwa, ba kuskure.
Atu ta ce, "Kaka, mugu ne."
Na ce bar shi, Lokotoro Attahir ne aka shafa wa alli.
Bai taɓa riƙe sunana ba, "ke" ce ni a bakinsa.
Amma daren da aka kawo yaron Bambay da hanji a murɗe
a tsaye ya kwana.
Da asuba na tarar da shi bayan ɗakin wanki,
ya dafa bango, hannunsa na kakkarwa.
Ban gaya wa kowa ba sai yau.

Ga ƙaramar likita mai kuka a matakala,
kowane mako sai ta yi.
Tamu Mintu ce, ƴar Abalak,
mai ɓoye cuku a aljihun farar riga
tana gutsura wa masu jinya.
Wata uku tana kuka. A na huɗu ta bari.
Ni ranar da ta bari na ji tsoro.

Sai mai makullai a ƙugu,
wadda gyaran muryarta kan sa kowa ya shiga taitayinsa.
Manjo Tsahara! Allah ya jiƙan ki.
Ta tele tana da tausayi a ɓoye,
sai ƙarshen shiri ake buɗe shi.
Tamu, na yi ta jiran ƙarshen shirin
har aka kai ta makwanci.
Auduga ma ƙirga ta take yi.
Sai dai a zamaninta
allura ba ta taɓa yin ƙafa ba.

Mai barkwanci kam, ba asibitin da ya rasa shi.
Namu Ɗan-Baro ne, mai tura gado.
Ya dubi tsoho mai karaya:
"Baba, kasuwa ko tasha? Dala ashirin ne."
Tsoho ya yi dariya har ya manta da ƙafa.
Shi ne kuma ke tura na ƙarshe
zuwa ɗakin nan na can baya.
A wannan hanya ba ya cewa uffan.

Soyayya kuwa, ƴan tele kamar ita aka ɗauke su yi,
a lungu, a ɗakin magani,
a akwatin nan mai hawa da mutane sama.
Mu ina muka ga sarari,
zafin bazara, layi har bakin titi?
To, ban ce babu ba.
An yi wani direban motar asibiti, Agali,
mai ajiye mini shayi na biyu a kan dutsen wanki...
Atu, mai da idonki kan tele.

Abu ɗaya nake ta dubawa.
An yanka, jini ya malala, an ɗinke, an ja labule,
hoto ya juya:
zane fari fat, a shimfiɗe, ko tabo babu.
Wa ya wanke?
Na sa Atu ta karanta mini sunayen da ke gudu a ƙarshe.
Ta ce, "Kaka, ai wasa ne."
Na sani.
Amma tana nan bayan bango,
ruwan jabel ya tsattsaga mata ƴan yatsu,
ta san wanda tsoro ya sa ya jiƙa shimfiɗa,
ta san wanda ya tafi
tun danginsa na kan hanya da kwanon kunu.

Ana tsakar fiɗa wuta ta ɗauke.
Atu ta ja tsaki cikin duhu: "Zai tashi kuwa?"
Na ce in dogon nan ne a kansa, da yardar Allah.
Ke dai tashi ki kwashe shanya,
hadari ya haɗo ta wajen Kalfu.