Kabari na Tara a Kutaisi

Fasfo shida ne ɗinke cikin jakata,
kowanne da fuskata, kowanne da ƙaryarsa.
A Varna ni ne Stoyan, dillalin injin jirgin ruwa,
a Graz kuwa Lukas mai gyaran agogo.
Na amsa kira shida cikin harsuna huɗu,
babu ko ɗaya da ya taɓa zama sunana.

Bara suka ce sun gama da ni.
Mota ta ci wuta a kwanar dutse,
suka tsinci zobe a toka, suka rufe fayil,
suka sha shayinsu da zafinsa.
Kifi na ganinka, mai jar koma.
Kwana tara na yi a bukkar wani makiyayi
ina ɗinke cinyata da hannuna.

Mirela na nema, wadda ta horar da ni,
mai cewa in ka shiga ɗaki, fara ƙirga ƙofofi
kafin ka ƙirga mutane.
Na same ta a gadon asibiti, robar iska a hanci,
ta kaɗe, ta zama kamar tsinken tsintsiya.
Ko razana ba ta yi ba.
"Ka makara," in ji ta, "amma bindigar fa ajiye ta.
Kutaisi. Maƙabartar kan tudu, layin bishiyar rumman.
Kuma za su riga ka isa."
Ta juya wa bango fuska, na ja ƙofa bayana.

Dare uku a kan Bahar Aswad.
A na biyu wani mai koren kwat ya biyo ni
ƙasan jirgi, tsakanin manyan motoci masu warin gas.
Wuƙarsa ta fi tawa tsawo.
Bai san na taɓa kwana a irin wannan duhu ba.
Da asuba na wanke riga a famfo,
ruwan ya yi ja, ya yi fatsi-fatsi, ya washe,
rawar kawai ta ƙi barin yatsuna.

Ga tudu, ga rumman ta fashe a reshe.
Kabari na tara, baƙin dutse mai sheƙi,
an zana yaro ɗan sha tara da hular soja,
kunnensa na hagu da ɗan gibi inda kare ya ciza.
Revaz Kiknadze.
Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwarsa.
Na kai hannu na shafa kunnena.

Mai shara can, takalminsa sun cika sabunta.
Mota a bakin ƙofa, inji na aiki, ba wanda ya fito.
Gilashi ya ƙyalla a rufin coci.
Uku ke nan. Wataƙila huɗu.

Sai ga tsohuwa da kwando, baƙin mayafi,
ta ajiye burodi, ta goge dutsen da gefen hannun riga.
"Rezo," ta ce, "rufin nan ya koma yoyo,
kai kuma kana nan kwance abinka."
Rezo.
Harsashi ya sha shiga jikina,
bai taɓa zuwa inda wannan ya je ba a ƙirjina.

Na bi ta gefenta kamar baƙo mai neman hanya.
Ta ɗago. Ta dubi kunnen. Ta dubi mai shara.
"Ban san ka ba, bawan Allah," ta faɗa da ƙarfi,
"hanyar tasha tana can ƙasa."
Ta danƙa mini ɓarin rumman,
ta matsa tafina sau uku,
yadda take yi in za mu tsallaka titi.

Ban waiwaya ba. Mai waiwaye shi ke tona uwa.
Na gangara, ruwan rumman na bin yatsuna,
ina jin takun sababbin takalma a baya,
fasfo shida a jaka, harsashi biyar a bindiga,
a ƙarƙashin harshe kuma, inda ba mai bincikawa,
sunana.