Daƙiƙa Hamsin a Kan Yamuna

Daga tashar Indraprastha nake sakin birki.
Delhi ta zame baya kamar shanyar da iska ta kwasa,
sai ƙafafun jirgin su sauya murya,
su koma amon ganga mai rami.
Ko ido rufe na san mun hau gada.

Can ƙasa Yamuna na tafiyar mai jinya,
baƙa wuluk, farin kumfa a kafaɗa,
kumfar da ba ta wanka ba.

Ubana, Jhinku, a ruwan nan ya ci abinci.
Gindin tsohuwar gadar ƙarfe, can arewa kaɗan,
yake jiran jirgin ƙasa ya gifta,
matafiya su miƙo hannu ta taga
su jefa wa kogi kwabo don neman albarka.
Shi kuwa sai ya nutse.
Ya ɓullo da rupi biyu a kunci,
laka a suma, ido jawur kamar gauta.
Da addu'ar baƙi aka saya min takalmin makaranta.

Nawa jirgin, tagoginsa ba sa buɗuwa.
Mutum dubu da ɗoriya a bayana,
kowa ya sunkuya yana kiwon wayarsa.
Sai jiya, a allon kyamara,
wata tsohuwa ta dafa goshi a gilashi,
kwabo a tafin hannu,
ta rasa ta inda za ta ba da shi.

Ran da aka ba ni kaki da makulli
na yankar masa tikiti, na ce zo ka gan ta daga sama.
Ya ƙi zama. Ya riƙe ƙarfen bakin ƙofa,
ya leƙa, ya daɗe yana leƙe,
ya ce, ashe iyakarta ke nan?
Tari ya ƙwace sauran maganar.

Bara muka kai shi Nigambodh.
Tokar ta bi ruwa,
ruwan kuwa ta ƙarƙashina yake bi.

Sau goma sha biyu a yini nake tsallake ubana,
kuma doka ta hana ni rage gudu.
Akwai rupi ɗaya a aljihun rigata,
ya ɗauki ɗumin jikina, ya ƙi hucewa.
Kafin in ce Baba, gadar ta ƙare,
muryar na'ura ta riga ni:
tasha ta gaba, Yamuna Bank,
a matsa daga bakin ƙofa.