Fain

Tun da Nomau ya tafi Fatakwal
kalma ɗaya yake aiko mini ta salula,
gajera kamar wutsiyar akuya:
fain.
Yaya aiki? Fain.
Yaya ɗaki, yaya sauro, yaya mutanen garin?
Fain, Baba, fain.

Ni majemi ne, ban shiga lakwal ba.
Faransancin da ke bakin ƙofata ma
gaisuwa kawai muke yi da shi,
balle Ingilishi, da sai an ƙetare Ɗan Issa.
Na ɗauki kalmar na rataye
kusa da lafiya lau,
na ce to, ƙanwarta ce.

Ran Litinin wani ɗan Kano ya sauka majema,
ya zaro fatar jar akuya daga tsibi,
wadda ta kwana uku cikin ruwan bagaruwa.
Ya shafa ta, ya murza, ya ɗaga ta ga rana,
ya ce wa yaronsa a hankali: fain.
Na ce, Alhaji, ai ta daɗe da mutuwa,
wace lafiya kake tambayar ta?
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.
Wai kyau yake nufi, wai laushi.
Na ƙara masa dala ashirin a kan kowace fata
tunda bakinsa ya riga shi.

Bayan sati biyu, a hanyar Jibiya,
mai kaki ya tare motarmu,
ya juya takardata gaba da baya
ya ce: fain.
Na ce, alhamdu lillahi, na miƙa hannu in karɓa.
Ya riƙe.
Direba ya raɗa mini: tara ce, tsoho, biya za ka yi.
Jikka uku ta ci mini a tsaye,
kalmar da nake ba masauki kyauta a gidana.

Na kai ƙararta wurin Mushe Ango
da ke shan shayi bayan Babbar Kasuwa.
Ya zana ta a ƙasa da tsinke, baƙi huɗu.
Ya ce lafiya ce, kyau ce, tara ce,
siririn zare ma ita ce,
garin da ya sha rariya sau biyu ita ce,
har mai fushi, in ya gaji da gardama,
ita yake jefa maka ya juya baya.
Sai ya sa ƙafa ya share baƙin ƙarshe
ya ce, ga ta ta koma Faransanci,
yanzu sunanta ƙarshe.
Na ce, Mushe, mayar da shi.
Mayar da shi yanzu.

Daren jiya salula ta yi kuka bayan lisha.
Na ji tari kafin in ji sallama,
na ji ruwa na dukan kwano a can bayansa.
Na ce, Nomau, yaya jiki?
Fain, Baba.
Na ce, wace daga ciki?
Ta fata mai kyau, ko ta mai kaki,
ko ta zaren da ya kusa tsinkewa?
Faɗa mini da harshen da uwarka ta yi maka rarrashi.

Ya yi shiru.
Sannan ya ce, kai fa, Baba, yaya bayan naka?
Yatsuna duk toka ta cinye,
tabarma ma da dabara nake sauka kanta,
amma bakina bai jira ni ba,
na ji shi yana cewa: lafiya lau.

Muka tsaya haka, ni da shi,
kowa riƙe da tasa gajerar riga,
ta rufe ƙirji, ba ta kai gwiwa ba,
har katinsa ya ƙare.