Wata Biyu Ba Rana

A Turomso, can ƙuryar arewacin Nowe,
rana kan yi sallama a ƙarshen Nuwamba,
ba ta sake leƙowa sai Janairu ta tsufa.
Eilif ya san wannan tun yana rarrafe.
Duhun da bai sani ba, har ya kai saba'in da uku,
shi ne wanda ya biyo shi gida
ran da aka kai Aslaug makwancinta.

Shekara talatin yana gyaran injin jirgin fito,
kunnensa ya san kukan ƙarfe in mai ya ƙare.
Nasa kukan ne bai gane ba.
Gemu ya tsiro yadda ya ga dama,
kofi biyu a tebur, ɗaya ya bushe da gahawa a gindi,
agogon bango ya tsaya, ya bar shi a tsaye.

Torunn ta gidan sama ba ta zo da nasiha ba.
An yi ta ba shi haƙuri har kalmar ta suɗe.
Igiya ta miƙo masa, da tsohon kare a ƙarshenta:
"Gwiwata ta ƙi. Ka riƙa kai min shi bakin teku
da sha ɗaya, sa'ad da sama ke yin shuɗi.
Kada ka makara, shuɗin ba ya jira."

Ya tafi don kunya, ba don yana so ba.
Ƙanƙara na ƙara ƙarƙashin takalmi,
karen na tsayawa gindin kowace fitila
kamar mai karanta wasiƙa.
Rana ta huɗu mai sayar da kifi ya ɗaga masa hannu.
Ta tara, shi ya fara ɗagawa.
Ta goma sha biyu ya ji yunwa,
yunwa ta gaske, har ya yi mamakin cikinsa.

Sai ga yaron maƙwabta, Sindre, da fitilar keke a hannu:
an ce kai kana gyara.
Ya buɗe akwatin da bai taɓa ba tun kaka,
warin giris ya tashi ya gaishe shi.
Waya ɗaya ce ta tsinke. Minti biyar.
Amma ya ja aikin har awa guda
don yaron na da tambayoyi,
shi kuma ashe yana da amsa.

Da dare Torunn ta ce ya rubuta abu uku
da suka yi daɗi a yinin. Ya ce shirme ne.
Ya rubuta: miya ba ta ƙone ba.
Ya rubuta: karen bai ja ni na faɗi ba.
Na ukun ya ɗau lokaci.
Na tuna dariyarta, kuma ban zauna ƙasa ba.

Ba kullum ba. Akwai Talatar da bai fita ba,
ya kwanta fuska ga bango,
karen na kartar ƙofa har ya gaji.
Laraba ya tashi. Ya aske gemu.
Da yayyafi kogi kan cika,
kuma kogi ba ya tuhumar ranar da ba a yi ruwa ba.

Wata safiya ta taga ya hango Torunn
tana hawa tudu da buhun dankali,
gwiwa lafiya lau, kamar ta budurwa.
Ya yi dariya shi kaɗai har tari ya kama shi.
Da sha ɗaya ya ƙwanƙwasa ƙofarta:
"Yaya gwiwar?"
"Sai a hankali," in ji ta.
Ya karɓi igiya.

Ran da rana ta dawo,
yatsa ɗaya na zinariya a bayan dutse,
'yan makaranta suka fito da burodi mai zaƙi suna ihu.
Eilif na tsugune yana ɗaure wa Sindre sarƙar keke.
Sai da haske ya taɓa bayan hannunsa ya ɗago.
Bana bai ƙirga kwanakin ba.

Ya koma gida, ya sa wa agogo batir,
ya wanke kofi biyun,
ya hau bene da su.