Tafinta a Kotun Gyaɗi-Gyaɗi

Shekara ashirin da uku ina tsaye
tsakanin bakin lauya da kunnen talaka,
ina sauke magana daga wannan jaki
ina ɗora wa wancan.

Ran Talata, fanka ta ƙi juyawa.
Lauya ya gyara baƙar rigarsa,
ya jefo kalma ɗaya ta Turanci,
ya ce in tambayi Tasi'u mai ɗinkin hula
ko ita ce tsakaninsa da Barau mai injin niƙa.

Na ce: ƙiyayya.
Tasi'u ya dafe ƙirji. "Subhanallahi!
Da ni aka haƙa kabarin uwarsa a Dandolo."

Na ce: gaba.
"Mai gaba ba ya amsa sallama.
Ni kuwa ina amsawa, ciki-ciki dai."

Na ce: hassada fa, ko ƙyashi?
Dariya ta ƙwace masa har da tari.
"Me zan yi wa ƙyashi,
ƙarar injin, ko garin da ke gashin hancinsa?"

To ƙeta?
"Ƙeta ita ce in ga akuyarsa ta tsinke
in nuna mata hanyar titi.
Ni ɗaure masa ita na yi,
ban dai gaya masa ba."

Alƙali ya dubi agogo, ya dube ni.
Tasi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yar tsama ce.
Damina uku indararonsa yana cin katangata,
bai taɓa cewa sannu ba."

Na buɗe baki zan maida tsama Turanci.
Su ma suna da nasu, na san su duka:
akwai mai fito da haƙora a fili,
akwai mai murmushi da allura a hammata,
akwai mai sanyi kamar tabarmar da ta kwana a waje,
da wata tsohuwa da ake gada kamar gona.
Amma babu mai ɗanɗanon kunun da ya kwana,
wanda bai lalace ba, bai kuma shawu ba.
Na ɗauki mafi kusa na miƙa.
Magatakarda ya rubuta. Aka ɗage zama.

Da la'asar na sauka a Mandawari,
na biya mai adaidaita, na shiga lungu.
Gida na uku ƙofar Munzali ce, ƙanena,
nono ɗaya muka sha.
Shekara goma sha ɗaya tun rabon gado,
tun da ya ce taku biyu na soron nasa ne.

Na fara yi wa kaina tafinta.
Ƙiyayya? Da ya kwanta a asibitin Murtala
ni na biya kuɗin jini, da sunan wani.
Tsana? Har yau in ya yi tari ta bayan katanga
muryar babanmu nake ji.
Gaba? Kafaɗarmu tana gogar juna a sahun asuba.

Wataƙila ƙullaci ne,
irin ƙullin da tsohuwa ke yi a bakin zane:
ta manta ko goro ne ciki ko sisi,
wanki ya bi ta kai sau ɗari,
yanzu farce ba ya iya kwance shi.

Yana zaune a kan dakali, yana gyaran rediyo,
furfura ta sauko masa har gemu.
Yaushe?

Ni da nake cin abinci da kalmomi
na laluba aljihu biyu, Hausa da Turanci,
ban samu komai ba sai sallama.
Na yi.

Ya amsa, ciki-ciki,
bai ɗago kai ba.
Amma ya janye ƙafarsa daga hanya,
ya kuma ɗauke sukudireba daga gefen dakalin,
daidai wurin zaman mutum ɗaya.