Bagunge, Guda Ɗaya

A tsohon siton shinkafa na bayan tasha, a Yelwa,
suka shafe bango da farar ƙasa,
suka rataye ƙwarya goma sha biyu
da wani zane da ko mai shi bai san samansa da ƙasansa ba,
suka ce daga yau nan gidan adana kayan fasaha ne,
har zuwa Alhamis.

Fim ne na ban dariya.
Wai shugaban gidan aka yi wa waya daga sama:
baƙi na tafe da kuɗi,
amma sai sun ga kowace ƙabila a ciki.
Sai ya shiga kasuwa da kwando
yana tayin mutane kamar albasa.

Na yi dariya da aka ba ni labarin.
Ban san ni ne albasar ba.

Takardar ɗaukar 'yan wasa, da idona na gan ta:
Badakkare, ɗaya.
Bazabarma, ɗaya, in da hali doguwa.
Bagunge, guda ɗaya, ba ya magana.

Aka jera mu cikin akwatunan katako,
leda a madadin gilashi.
Hamsatu na damana tana danna waya a ƙarƙashin mayafi.
Ango, da ke koyar da lissafi a Zuru,
an tuɓe masa riga an danƙa masa baka.

Ni gora da homa aka miƙo mini.
Na ce wannan kayan Kabawa ne,
mu ruwanmu ba a hawansa da ciki.
Darakta Mu'awiya, bakinsa cike da rake,
ya ce kyamara ba ta san wannan ba,
ruwa ai ruwa ne.

Washegari na zo da filafilin kakana.
Maɗaci ne, tafin hannu ya lashe shi har yana sheƙi.
Shi ya tuƙo gidanmu kaf
shekarar da madatsa ta haɗiye gungunmu,
da kaji, da turmi, da uwata a goye.
Suka yaba. Suka jingina shi inda haske ya fi.
Yaron ado ya rubuta a kwali:
Ba a san mai shi ba.

Sau tara aka maimaita zuwan baƙin.
Sau tara jarumin ya nuna mu da sanda
yana kuskuren sunayenmu da gangan,
ma'aikata na toshe baki kada dariya ta ɓata sauti.
A na goma zufa ta shiga idona,
na buɗe baki da harshenmu,
magana ta fito da kanta kamar tari.

Shiru.
Sai Mu'awiya ya faɗi daga kujera.
Ya ce kada a yanke, wannan ta fi rubutun.

Bayan wata huɗu aka haska shi a gidan kallo.
Na biya wa uwata ɗari biyu, na biya wa kaina.
Gaskiya fim ɗin ya yi.
Ya tsokale masu jera mutane don idon baƙi,
jama'a na buga benci suna cewa maganinsu ke nan.
Da aka zo kaina, a ƙasan allo aka rubuta:
Yana wani yare.
Ɗakin ya kece.

Uwata ba ta yi dariya ba.
Cikin mutum ɗari da wani abu
ita kaɗai ta ji na ce:
an san mai shi,
sunansa Gwamna Mai Jirgi,
kabarinsa na ƙarƙashin ruwa.

A hanyar gida ta tsaya sayen mai.
Ta ce na yi ƙiba a allo.
Can kusa da bakin kogi ta ce,
filafilin fa, sun maido?

Na ce suna ɗaukar kashi na biyu.