Gwangwanayen Cima

Shekara goma sha ɗaya ina sayar da fure
a rumfa ta uku in ka shigo Babbar Kasuwa,
furen roba, mai zuwa cikin kwali daga Kwatano,
ja da ruwan hoda, wani har da raɓar ƙarya
manne a kunnen ganye.
Jaka biyu dami, in kin iya ciniki in rage dala hamsin.
Amaren Zariya da na Ali Ɗan Sofo
ni na ƙawata musu saman kabad.

Na kai wa Cima wanda ya fi tsada.
Ta karɓa da hannu biyu, ta ce madalla,
ta kafa shi bayan talabijin
inda sai mai shara ke ganinsa.

Nata furen yana ƙarƙashin taga,
cikin gwangwanayen tumatir da ta huda da ƙusa:
lalle, zoɓo, ɗoɗɗoya,
da wani mai ruwan ƙwai da ta roƙo a gidan likita.
Ba ta san sunansa ba, sai ta raɗa masa Baƙo.
Ruwan wankin shinkafa nasu ne,
ragowar butar alwala tasu ce.
Da mai ga-ruwa ya ƙara kuɗin garwa
na wanki ta rage, nasu yana nan.

Na ce, nawa ba ya shan ruwa, ba ya mutuwa.
Ta ce, wanda bai taɓa rai ba, da me zai mutu?

Ran nan jar akuyar maƙwabta ta faɗo gidan.
Ta shinshina nawa da na wanke na shanya,
ta yi atishawa,
ta wuce ta cinye rabin zoɓon.
Cima na share hawaye tana dariya:
ka gani, ko akuya ta san na gari.

Sai ƙanwarta ta haihu a Tasawa,
haihuwar ta zo da gardama.
Kwana uku, in ji ta. Ya zama sha tara.
A tasha, ƙafa ɗaya cikin mota,
ba ta ce in kula da kaina ba,
cewa ta yi, Baƙo ba ya son ranar azahar,
ka riƙa jansa inuwa.

Na manta. Kasuwa ce, ga masu bashi.
Kwana huɗu na tarar ɗoɗɗoya ta sunkuyar da kai
kamar yaron da aka yi wa faɗa gaban baƙi.
Na zuba mata moɗa guda, na tafi masallaci.
Kafin in dawo daga lisha ta miƙe.
Na daɗe tsaye da tocila a hannu.
Duk hajata, babu wadda ta taɓa amsa mini.

A dare na goma aka ɗauke wuta.
Furen labule ya ɓace,
na zanen gado ya ɓace,
na bakin kwanukan jere, na bayan talabijin,
duhu ya kwashe su a buhu ɗaya.
Sai ƙamshin lalle ya shigo ta taga
ba sallama,
ya zauna gefen katifa inda take zama.

Baƙo dai bai yafe ba.
Ya bushe tun daga wuya.
Jajibirin dawowarta na zaɓo mai ruwan ƙwai a rumfa,
na yanke masa ƙafar waya,
na soke shi cikin gwangwanin, na danna ƙasa da yatsa.

Tun daga zaure ta hango shi.
Ta ajiye jaka, ta durƙusa,
ta murza ganyen tsakanin yatsu biyu.
Ba ta ce uffan ba.
Ta tambayi lafiyata, ta ba ni tsaraba.

Wata bakwai ke nan.
Kullum da safe takan bi gwangwanayen da buta,
lalle, zoɓo, ɗoɗɗoya,
in ta zo kansa sai ta dakata
har sai ta tabbatar ina kallo,
sannan ta zuba masa nasa.